Alhaji Umaru Salaga: malamin da kasuwa ta mutu a gabansa sau biyu

Har gobe sunan Gwanja bai fita daga bakin Bahaushe ba, ko da yake kaɗan ne daga masu ambatonsa za su iya nuna inda ƙasar take. Tana arewacin Gana ta yau. Goron da ya sa ta yi suna ma ba a cikinta yake tsirowa ba. Daga kurmin Tonawa, wato Ashanti, ake ɗauko shi a ka zuwa babbar kasuwarta, Salaga, inda fataken Kano da Katsina da Sakkwato da Barno ke jiransa da jakunansu. A wannan gari ne wani Bakano ya zauna har sunan garin ya bi shi, shi ne Alhaji Umaru Salaga, wanda mutanen Gana suka fi sani da limamin Karaci. Ɗaliban adabin Hausa sun san shi da waƙarsa ta zuwan Nasara. Sai dai akwai wani gefe na rayuwarsa da ba a cika tsayawa a kansa ba. Sau biyu yana zaune a gari arziki ya naɗe tabarmarsa ya bar garin, kuma ya bar mana a rubuce abin da ya ga fatara na yi wa mutum da jama'a.

An haife shi a Kano wajen shekarar 1858. Sunansa Umaru ɗan Abubakar ɗan Usmanu, kuma littattafan tarihin malamai kan danganta shi da wurare uku: Kabi, asalin gidansu, da Kano, mahaifarsa, da Salaga, mazauninsa. Mahaifinsa falke ne mai karatu, haɗin da ba baƙo ba ne a wancan zamani, domin ayari ba ya tashi sai da malaminsa, mai riƙe lissafi, mai jan salla, mai suturta gawa idan ajali ya riski wani a dokar daji. Umaru ya yi karatun allo a Kano, sannan ya nausa yamma, ƙasar Kabi da Sakkwato, ya durƙusa gaban malamai ya sha fiƙihu da nahawu da lugga. Ya ƙware a waƙoƙin Larabawan farko ƙwarewar da ta kai shi, a baya, ga juya waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa.

Hanyar Gwanja ba ƙaramar tafiya ba ce. Ayari kan tashi daga ƙasar Hausa ƙarƙashin madugu, jagaba na gaba, uban dawaki na kula da masauki da biyan fito, a ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, a ratsa Bargu, a bi ta ƙasar Dagwamba, sannan a sauka Salaga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Ana kai kanwa da turkuɗi da baƙin rini da jima da dabbobi, a komo da huhunan goro da ake ta yayyafa wa ruwa ana tsince ruɓaɓɓu a kowane zango. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da wannan fatauci. Cikin wannan duniya Umaru ya buɗe ido, kuma littafinsa na farko da aka sani ya nuna haka. A 1877, yana wajen shekara ashirin, ya tsara al-Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa, jagora ga mai son rubuta wasiƙa da Larabci, wanda daga baya aka buga a Alƙahira. Saurayin da ya fara da irin wannan littafi ya san abin da mutanensa ke bukata. Dukiyar falke rabinta na hannun wasu a garuruwa masu nisa, takarda ce kawai ke riƙe da amanar.

Salaga gari ne na baƙi. Sarakunan Gwanja masu mulkinta ba a cikinta suke zaune ba, fadarsu na Kpembe, ɗan taƙi kaɗan daga kasuwar. Hausawa da Wangarawa da Barebari da Yarabawa da Dagwamba su suka cika unguwanninta, kowa da mai masaukinsa da dillalinsa da masallacinsa. Gari ne mai ƙarancin ruwa, shi ya sa ya yi suna da yawan rijiyoyi. Kuma wajibi ne a faɗi abin da masu begen tsohon zamani kan tsallake: Salaga babbar kasuwar bayi ce. A shekarun 1880 mayaƙan Zabarmawa, su Gazari da Babatu, sun yi ta kai hari ƙasar Gurunsi, kuma da yawa daga waɗanda suka kama a Salaga aka yi cinikinsu. Wani kaso na wadatar garin hawayen bayin Allah ne.

Ciwon da ya kashe kasuwar ya fara ne daga nesa. A watan Fabrairun 1874 rundunar Ingila ƙarƙashin Wolseley ta shiga Kumasi ta banka mata wuta. Gwanja, wadda ta daɗe tana biyan gandu ga Tonawa, ta ga dama ta samu, ta yi tawaye, aka far wa Tonawan da ke zaune a Salaga. Su kuwa suka rama da abin da ya fi takobi ciwo, suka toshe hanyar goro. Ciniki ya koma Kintampo da wasu kasuwanni, ayarori suka fara sauya zango. Salaga ba ta faɗi rana ɗaya ba. Ta yi kusan shekara ashirin tana ramewa, gidajen baƙi na zama kango ɗaya bayan ɗaya, masu mulki kuwa, da kuɗin shiga ya ragu, sai suka ƙara matsa wa 'yan kaɗan da suka rage.

Sai 1892. Sarautar Kpembe na zagayawa ne tsakanin gidaje uku, kuma gidan Kanyase ya daɗe yana ganin an danne masa haƙƙi. A ƙarshen wannan shekara Isifa, mai riƙe da sarautar Kabache, ya nemo taimakon mayaƙan Dagwamba da Nanumba, ya kori Sarkin Kpembe Napo. Yaƙin na 'ya'yan sarauta ne, amma kasuwa ce ta biya. Aka washe Salaga, fatake da malamai suka watse, wasu Yendi, wasu Kintampo, wasu kudu bakin kogin Volta. Malam Umaru na cikin garin a lokacin, yana karantarwa, ya ga abin da idonsa.

Bai yi gaggawar rubutawa ba. Sai wajen 1904 ya tsara doguwar waƙarsa ta Larabci, Tanbihul Ikhwan fi Zikril Ahzan, wadda masana tarihin Gana ke dogaro da ita har yau wajen sanin wannan yaƙi. Abin lura a cikinta shi ne bai fara da ranar da aka ja daga ba. Ya fara da lalacewar da ta riga yaƙin: raunin addini, ɓacin tarbiyya, da gazawar masu mulki. A ganinsa, gari kan ruɓe daga ciki kafin maƙiyi ya tura bangonsa. Mai karatu na iya cewa ai duk malami haka yake fassara musiba, ya mayar da ita sakamakon zunubi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma Malam Umaru ɗan falke ne, ya san cewa amana da adalcin mai mulki su ne jarin kasuwa. Garin da baƙo ba ya amince wa mai masaukinsa, dillali na cin dunduniyar mai kaya, fada na ƙwace da sunan haraji, ba sai an kawo masa yaƙi ba, madugu ne zai daina ambatonsa. Wa'azinsa da lissafin 'yan kasuwa wuri ɗaya suka nufa.

Wajen 1896 shi ma ya tattara littattafansa ya koma Kete, zangon Hausawa da ke maƙwabtaka da garin Karaci a bakin Volta, wanda haɗuwarsu ta ba da sunan Kete-Karaci. Wuri ne da ya tashi da faɗuwar Salaga. Gishiri na hawowa daga bakin teku cikin kwale-kwale, ayarori na sauka, 'yan gudun hijira na gina sababbin gidaje. Karaci kuwa matattarar wani shahararren tsafi ce mai suna Dente, wanda bokansa ke juya garin har Jamusawa suka kashe shi a 1894 suka kafa barikinsu. Da aka raba yankin tsakanin Turawa a 1899, Salaga ta faɗa hannun Ingila, Kete-Karaci ta tabbata cikin Togo ta Jamus. An yi jayayya kan limancin zangon, daga bisani ya tabbata a hannun Malam Umaru, kuma da sanin Jamusawa aka yi.

Alaƙarsa da Turawa abu ce mai fuska biyu, kuma bai kamata a ɓoye ɗaya don a haskaka ɗaya ba. Tsakanin 1899 da 1903 ya yi waƙoƙi uku, biyu da Larabci, ɗaya da Hausa, yana lissafa garuruwa da sarakunan da Nasara suka cinye, cikin baƙin ciki da ba a rufe ba. A daidai wannan zamani kuma yana zama da wani jami'in Jamus, Adam Mischlich, yana koya masa Hausa, yana rubuta masa da ajami labarin ƙasar Hausa: tarihinta, sana'o'inta, noma da kiwo, aure da sarauta. Mischlich ya fitar da ƙamusun Hausa a 1906, kuma rubuce-rubucen da malamin ya yi masa suna cikin mafi faɗin bayanin da wani Bahaushe ya bari game da rayuwar ƙarni na 19. Haka nan, da wani mai wa'azi da ake kira Musa ya ɓullo wajen 1904 da da'awa mai ƙamshin Mahadiyyanci, jama'a na binsa, Malam Umaru ya yi waƙa ya ƙaryata shi. Mutanen da duniya ta juya musu baya suna da saurin bin duk wanda ya yi musu alkawarin cewa gobe komai zai kife. Limamin Kete bai yarda a sayar wa mutanensa wannan fata ba, kuma bai ga amfanin tura marasa makami gaban bindiga ba.

Cikin duk abin da ya bari da Hausa, Waƙar Talauci da Wadata ce ta fi dacewa a karanta ta a zamanin matsi. Ibrahim Tahir, wanda daga baya ya zama Talban Bauchi, ya juya ta zuwa Turanci aka buga a 1968, wani masanin Hausa ɗan ƙasar Folan, Pilaszewicz, shi ma ya yi aiki a kanta. Abin da waƙar ta tsaya a kai shi ne yadda jama'a ke auna mutum da abin hannunsa. Matalauci na rasa daraja ko da gaskiya na gefensa, mawadaci na samun girma ko da bai cancanta ba. Ba yunwar ciki ce ta fi damun mawaƙin ba, wulaƙancin da ke biyo ta ne. Wannan kuwa gani ne na wanda ya zauna cikin 'yan gudun hijira, ya ga mai gidan da jiya baƙi hamsin ke cin tuwo a zaurensa yau yana raɓe a zauren wani, mutumin bai sauya ba, ilminsa da halinsa na nan, gaisuwar da ake yi masa ce kawai ta gajarce.

Za a fi gane nauyin wannan waƙa idan aka tuna cewa mai ita ba baƙon zuhudu ba ne. Shi ne ya yi wa Kitabuz Zuhdi wal Wasiyya tarbi'i, wato ya mayar da baitocinsa ƙwar huɗu, aikin da shi ma aka buga a Alƙahira. Ya san duk abin da malamai suka faɗa kan gudun duniya. Duk da haka bai ɗauki rigar zuhudu ya yafa wa talauci ba. Zuhudu shi ne mutum ya saki abin da yake da ikon riƙewa, talauci kuwa ƙwace ne, ba a shawartar mai shi. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi tsari daga talauci da kuma nauyin bashi, ba a kuwa neman tsari daga abin da alheri ne tsantsa. Ya fi sauƙi ga mai wa'azi ya ce wa mayunwaci ya yi haƙuri, domin wannan ba ya ɓata wa kowa rai a sahun gaba. Abin da Malam Umaru ya yi ya fi wuya. Ya juya madubin ga masu gaisuwar, ga dangi da maƙwabta da 'yan majalisa, ya nuna musu cewa rabin azabar talaka su ne ke ɗora masa ita.

A 1913 ya kama hanyar Makka. A Madina ya haɗu da Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umarul Futi, ya karɓi ɗariƙar Tijjaniyya a hannunsa. Da ya komo, ya tarar da wata duniya. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kori Jamusawa daga Togo tun 1914, Kete-Karaci na hannun Ingilishi. Sannan annobar murar nan ta 1918, wadda a ƙasar Hausa aka sa wa suna marisuwa, ta sauka daga jiragen ruwa ta bi hanyoyin fatauci zuwa arewa, ta kashe dubun dubatar mutane a Gwalkwas kaɗai. Ita ma ya yi mata waƙa da Larabci, wadda aka sani da Tunkuyau, yana siffanta yadda ciwon ke kama jiki.

Mutuwar kasuwa ta biyu ba ta zo da ƙarar bindiga ba. Tun kafin tafiyarsa hajji goro ya fara sauya hanya. Maimakon wata da watanni a bayan jaki, sai a sauke shi Akara ko Sekondi, jirgin ruwa ya kai shi Ikko, jirgin ƙasa, wanda dogonsa ya isa Kano a 1911, ya ƙarasa da shi cikin 'yan kwanaki. Alhassan Ɗantata, Ba'agale ɗan Bebeji, yana cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan sabuwar hanya. Manoman ƙasar Yarabawa kuma suka shiga dasa irin goron da Bahaushe ke so. Wuri ya daina zama kuɗi, wanda ya tara shi buhu-buhu ya wayi gari da tarin ƙwanso. Sannan aka shimfiɗa babban titin mota daga Kumasi zuwa Tamale ta mashigin Yeji, ya bar Kete-Karaci a gefe. Wanda ya san garuruwan bakin titi irin su Tafa da Gonin Gora a hanyar Abuja, ko Mararrabar Jos, ya san ma'anar wannan. Mai shayi da mai faci da mai tuwo da mai ɗakin haya, duk abincinsu na aljihun matafiyin da ya tsaya. Ba sai an ƙone irin wannan gari ba, ya isa a daina tsayawa.

A kan wannan rauni ne karayar tattalin arzikin duniya ta sauka. A watan Oktoban 1929 kasuwar hannun jari ta birnin Niyok ta rushe, masana'antun Turai da Amurka suka rage saye, farashin duk abin da Afirka ta Yamma ke fitarwa ya zube. Gwalkwas ce ke kan gaba a duniya wajen noman koko, kuma da darajarsa ta faɗi, manoma suka ƙi sayarwa a kakar 1930 zuwa 1931, amma ba su iya tanƙwara kamfanonin Turawa ba. Manomin da bai sayar ba ba ya biyan lebura, leburorin kuwa 'yan arewa ne, su ne masu kama ɗaki a zango, masu sayen nama da tufa, masu ba malami sadakar Laraba da ta rubutun sha. A can gida ma haka abin yake. Gyaɗar Kano ta rasa daraja, ma'adinan kuza na Jos suka sallami ma'aikata, haraji kuwa na nan daram kuma da tsabar kuɗi ake biyansa. Wanda ke neman abin biyan haraji ba ya sayen ƙwaryar goro. Fara ta yi ta sauka shekara bayan shekara, a 1931 yunwa ta yi mummunar ɓarna a ƙasar Zabarma, ta turo ƙarin mabuƙata kudu, zuwa zangunan da su kansu ba su da abin ba baƙo.

Matsi irin wannan ba ya tsayawa a tukunya, sai ya shiga zumunci. A 1932 rikici ya ɓarke a zangon Kumasi, mafi girman zangunan ƙasar, har Sarkin Zango Malam Sallau, mutumin asalin Katsina wanda Alhaji Umaru ya taɓa yi wa waƙar yabo, ya bar garin. Ƙorafin da ake haɗiyewa lokacin da kowa ke samu, shi ne ke zama wuta ranar da aljihu ya bushe. Tsohon limamin Kete, wanda ya haura saba'in, ya riga ya ga irin wannan a Salaga shekara arba'in da suka wuce, kuma waƙarsa ta talauci ta riga wannan karaya zuwa duniya. Ba ta bukaci gyara ba.

Shi dai bai sake ƙaura ba. Mutum mai irin sunansa da zai sami masauki na girma a Kumasi ko Akara ko Kano, amma ya zauna a ƙaramin garin da hanya ta guje wa, yana limanci, yana karantarwa. A nan ne za a ga bambancin jarin malami da na falke. Ayarin goro ya daina zuwa Kete, ayarin ɗalibai bai daina ba. Suna zuwa daga Dagwamba da Ashanti da Togo da bakin teku, su yi shekaru, su koma su buɗe makarantu a zangunansu, har ya zama da wuya a bi salsalar karatun wani babban malamin Gana na ƙarni na 20 ba a ci karo da sunansa ko na almajirinsa ba. Turawa masu bincike ma sun yi ta sallama a zaurensa. Rattray, Baturen da ya yi suna wajen nazarin al'adun Ashanti, ya zauna da shi, kuma a 1934 ya buga wani abu daga fassararsa ta Imru'ul Ƙaisi.

A wannan shekarar ce, ranar 30 ga Yuni, 1934, daidai da 17 ga Rabi'ul Awwal, 1353, Allah Ya karɓi ransa a Kete-Karaci, aka binne shi a can, kasuwannin duniya ba su gama farfaɗowa ba. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Shekara talatin bayan haka aka datse kogin Volta a Akosombo, ruwa ya taso ya shanye mafi yawan tsohon garin, aka mayar da mutanensa sabon mazauni a kan tudu. A cikin waɗannan shekaru na 1960 ne ma'aikatan Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon suka riƙa bin zango-zango, suna roƙon malamai aron abin da ke cikin gafakarsu don a ɗauki hotonsa a adana. Waƙoƙin Alhaji Umaru sun yi ta fitowa daga garuruwa dabam-dabam, kwafi bayan kwafi, da rubutun hannun almajiransa da almajiran almajiransa.